Gaisuwar Mutuwa a Gidan da Ba a Yi Rasuwa Ba

Da maigidana ya rasu, gidanmu na Saint-Denis, a gefen birnin Paris, ya yi mini girma, alhali gida ne da in ka miƙe ƙafa a falo sai ta leƙa kicin. Shi mai tari ne. Shekara da shekaru da tarinsa nake kwana, da shi nake tashi, har nakan yi masa tsiya cewa ba ma buƙatar agogo. Da tarin ya ɗauke sai na rasa yadda zan yi da shirun. Nakan hau jirgin metro in tafi unguwar Goutte d'Or in sayi kuka da daddawar da ba na buƙata, don kawai in tsaya a shagon wani mutumin Maraɗi a yi mini doguwar gaisuwa, a tambaye ni gida da gajiya da sanyi. In na dawo in jera kayan kusa da na makon jiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman makokinsa. 'Yan uwanmu na Nijar sun zo, Allah ya saka musu da alheri. Abokan aikinsa na kasuwar Rungis, inda ya ƙare rayuwarsa yana dakon nama a ɗakunan sanyi, su ma sun zo. Amma maƙwabtan da muka yi shekaru muna haɗuwa a asansar, na'urar hawa bene, ko ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Matar da ƙofarta ke kallon tamu ta fito sau ɗaya, ta ce takalman baƙi sun tare hanya. Na kwashe takalman na shigar ciki, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A Damagaram inda na tashi, ko maƙwabcin da kuka yi shari'a da shi, ranar da aka yi masa rasuwa za ka je ka zauna.

Ɗiya ɗaya Allah ya ba mu, haifaffiyar nan Faransa, injiniya. Aiki ya kai ta wani ƙauye a bakin kogi, gabas da Lyon, kamfaninsu ya kama mata gida. Wata Lahadi ta kira ni, bayan gajeriyar gaisuwarta ta waya ta ce, "Maman, ki zo ki zauna wurina. Akwai ɗaki. Ki gwada, in ya yi miki sai mu mayar musu da makullin Saint-Denis." Na ɗan ja aji, na ce zan yi shawara. Tana kashe wayar na janyo akwati daga ƙarƙashin gado.

A mota, daga tashar jirgin ƙasa ta Lyon zuwa ƙauyen, ta yi mini bayanin aikinta. In tashoshin lantarki na nukiliya sun gama cin makamashinsu, akwai wani abu da ke saura a ciki, fulutoniyom, mai guba, mai daɗewa. Kamfaninsu na son gina masana'anta a bayan ƙauyen, a riƙa gauraya shi da yuraniyom a mayar da shi sabon makamashi. Ba a aza ko tubali ɗaya ba tukuna. Ita aikinta awo ne, ta tabbatar abin da zai taɓa jikin ma'aikata da mutanen gari bai wuce ƙa'ida ba. Tana magana ina kallon gefen hanya, ga gonakin masara, ga allunan rawaya a kafe a kowace kwana an rubuta NON, wato a'a, da manyan baƙaƙe.

"Ba sa so," in ji ta. "Sun san ko ni wace ce, ba sa gaishe ni. Ke ma ba za su gaishe ki ba. Ga jardin, ga télé, ki huta. Ne te mêle pas de ça, s'il te plaît." Wato in tsaya ga lambu da talabijin, kar in sa baki a lamarin.

Ɗakin da ta shirya mini ya yi kyau. Ta sa sabuwar darduma, ta duba alƙibla a waya ta manna 'yar alama a bango. Na zauna a bakin gadon na ce a raina to, nan zan tsufa. Sai dai shirun can ya fi na Saint-Denis nauyi, don a Saint-Denis aƙalla yara na gudu a saman kanka. Ɗiyata takan fita da sassafe, ta dawo a gajiye, ta ci abinci ido na kan kwamfuta. Gidan da ke jikin namu na wasu tsofaffi ne, mata da miji, masu lambun tuffa. Kullum da safe nakan ga mijin a kan tsani da hularsa yana sassabe rassa. Na yi masa bonjour ta saman shinge har na gaji. Yakan dube ni, ya dubi almakashinsa, ya ci gaba.

Sai aka yi kwanaki ban gan shi a kan tsanin ba.

Wata safiya ina wanke kofuna na ji ƙararrawar cocin ƙauyen tana bugawa a hankali, ɗaya, sai a dakata, sai ɗaya. Na daɗe a ƙasar nan, na san wannan bugun na mutuwa ne. Na leƙa taga. An ɗaura baƙin ƙyalle a ƙofar maƙwabtanmu. Mutane na shigowa bibbiyu, duk da baƙaƙen kaya, ba mai ɗaga murya. Can sai ga wasu maza sun sauko da akwatin gawa daga bayan mota sun shiga da shi. Na ce Allahu akbar, tsohon nan ya tafi.

Ban yi dogon tunani ba. Ba sa gaishe mu, wannan na rai ne, yanzu kuwa mutuwa ta shigo. Ni dai ba zan zama matar nan mai maganar takalma ba. Na ɗora tukunya na yi dafa-dukan shinkafa da naman rago, na rage barkono saboda na san cikinsu. Na ɗaure tukunyar a ƙyalle, na yafa mayafina mai duhu, na fita.

A bakin ƙofar falon na tuɓe takalmana, ko da yake kowa da nasa a ƙafa. Falon cike yake. Tsohuwar na zaune a kujera kusa da taga, fuskarta a kumbure kamar wadda ba ta yi barci ba. Na ajiye tukunyar a gefe, na je gabanta na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, na ce mata da Faransanci ina yi mata ta'aziyya, Allah ya ba ta haƙuri. Sannan na sunkuyar da kai na yi shiru, yadda ake yi. Na ji falon ya yi tsit. Na ce a raina mutanen nan ko a makoki sai sun kalli baƙo.

Ina nan zaune sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda na tahowa daga kicin. Na ɗaga ido. Mamacin ne, da hularsa, gwiwa a naɗe da bandeji, burushin fenti a hannu yana ɗigar da fari. Salatin da na saki sai da wata mata ta zubar da kofi.

Wani mai gemu ne ya durƙuso ya yi mini bayani. Akwatin na katakon banza ne, babu kowa a ciki. Jana'izar ƙauyen za su yi. Za su ɗauke shi zuwa Lyon su ajiye a ƙofar ofishin gwamna, don a ga abin da masana'antar za ta yi musu. Tsohon kuwa daga tsani ya faɗo, shi ya sa ban gan shi ba, kuma shi aka ba aikin rubutu a jikin akwatin. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga bayan falon wani ya ce, "Ai uwar injiniyar ce." Aka sake yin tsit, wannan karon mai sanyi.

Tsohuwar ta dube ni. "Me ya kawo ki, Madam?"

"Na ɗauka mijinki ne ya rasu."

"Kika zo? Mu da ba ma amsa gaisuwarku?"

"Maƙwabciya ce ke," na ce.

Ta kalle ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce ta ƙwace mata har da hawaye, ta kamo hannuna ta riƙe gam. Tsohon ya buɗe tukunyar ya shaƙa, ya ce tunda abincin mutuwarsa ne, shi zai fara ci. Ya ci ya ƙara. Suka tafi Lyon da akwatinsu, ni na koma gida da takalmana a hannu.

Da yamma na ba ɗiyata labari. Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, rabon da in ji dariyarta tun ubanta na da rai. Da ta gama ta share ido ta ce, "Amma kar ki sake zuwa, Maman. Da gaske nake." Na ce to. A raina na ce ni da na goya ki za ki kafa wa doka.

Washegari tsohuwar ta dawo mini da tukunyata cike da tuffa, ta ce in zo mu sha kofi. Na je. Washegarin ma na je. Da zarar motar ɗiyata ta sha kwana sai in yafa mayafi. Mukan zauna a kicin ɗinta muna feraye tuffa, tana ba ni labarin wanda ya auri wa da wanda ya ci gadon wa. Ita ta girme ni sosai, a gidan aka haife ta, kaburburan iyayenta na bayan coci. Tsoronta a fili yake. Tana tsoron manyan motocin da za su riƙa wucewa da kayan ta bakin lambunta, tana tsoron rijiyarta, tana tsoron ranar da jikokinta za su ce ba za su ƙara kawo 'ya'yansu hutu ba. Ba ta taɓa zagin ɗiyata a gabana ba. Takan ce, "Yarinyar kirki ce, na gani. Amma ita in abu ya lalace za ta tattara ta tafi." Ni ban san wa ke da gaskiya ba. In ɗiyata ta yi bayani sai in gamsu, in tsohuwar ta yi magana sai in ga ai ita ma ba ƙarya take ba. Abin da na sani shi ne, a duk zamana na ƙasar nan, kicin ɗin nan ne na farko da Bafaranshiya ta ce mini in zauna in miƙe ƙafa.

Wata rana ana ruwa ta tambaye ni mijina. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na gaya mata kafin Rungis ya yi aikin lantarki a garin haƙar yuraniyom, can arewa da Agadas, ni kuma ina koyarwa a firamare. Yakan dawo da kayan aikinsa a jiki, ƙurar ramin ta shiga kowace ɗinki. Ni nake wanke su a bahon roba, ruwan ya yi wani kala, in watsar a tsakar gida inda kaji ke kiwo. Ba wanda ya taɓa ce mana kar a yi. Na gaya mata yadda tarin ya fara, da yadda ya riƙa jingina da bango don ya samu numfashi, da likitan Paris da na tsare na ce ya gaya mini dalili, ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙila ramin, ƙila sanyin Rungis, ƙila sigarin da ya sha a ƙuruciya. Na gaya mata maganar takalma. Ta ajiye wuƙar, ta zagayo ta rungume ni, muka yi kuka mai isarmu. Gaisuwar da ban samu a Saint-Denis ba, ranar aka yi mini ita, kuma na ji sanyi a raina.

Sai aka sa ranar taron jama'a a zauren ƙauyen, wata Asabar da rana. Da safe ɗiyata ta ce mini ita ma za ta yi magana a madadin kamfani, in zauna a gida. Na yi niyyar zama. Bayan azahar sai ga tsohuwar a ƙofarmu da sandarta, ta ce gwiwar mijinta ta hana shi fita, ko zan riƙe mata hannu zuwa zauren. Dattijuwa ta zo har ƙofarka neman rakiya, da wane baki za ka ce a'a? Na ce zan kai ta ƙofa in juyo. A ƙofar ba ta saki hannuna ba, ni kuma, gaskiya, ina son in ga ɗiyata a kan aikinta ko sau ɗaya. Muka zauna a tsakiyar masu baƙaƙen kaya.

Ɗiyata na kan dandamali tsakanin maza masu furfura, ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce baƙa. Da aka ba ta magana ta miƙe ta yi bayani dalla-dalla, ba inda-inda, ana yi mata ihu tana jira a gama ta ci gaba. Kaina ya yi girma, na so in taɓa na kusa da ni in ce tawa ce. Can idonta ya sauka a kaina. Ta ɗan tsaya, ta sha ruwa, ta ƙarasa.

Da aka zo tambayoyi tsohuwar ta ɗaga sandarta. Aka kawo mata abin magana. Ta miƙe, hannuna har yanzu a nata.

"Madmazel," ta ce, "ni ban iya lissafinki ba. Amma ga mahaifiyarki nan. Da hannunta ta wanke kayan aikin mahaifinki, ta watsar da ruwan a tsakar gida, ba wanda ya ce mata akwai haɗari. Su ma an gaya musu komai na kan ƙa'ida. Ya yi tari har ya mutu. Shi kike so mu yarda da shi?"

Maganar da na yi a kicin, ina kuka, ita ce ke yawo a lasifika. Tsohuwar ta juyo ta danƙa mini abin maganar, idonta cike da hawaye, ta ce, "Gaya musu abin da ya kashe shi." Na san ba da mugunta ta yi ba. Gani take taimakona take yi, ta ba ni inda zan kai ƙara.

Zauren duka ya juyo. Na dubi ɗiyata, ta kafe ni da ido, fuskarta ba komai a kai. Mu ba ma tsayawa a gaban jama'a mu ce abu kaza ne ya kashe wane. Ko a gida ba ma faɗa, balle ni da likita ma bai gaya mini ba. Na ce abin da uwata za ta ce, abin da na ce wa duk wanda ya zo mini gaisuwa. Na ce lokacinsa ne ya yi.

Aka ɗauki hayaniya. Wasu suka yi dariya, wani ya ce an tsorata ta, wani ya ce ai dama. Tsohuwar ta saki hannuna a hankali ta zauna, ba ta ƙara dubana ba. Ɗiyata ta jawo abin maganarta ta ce ta gode, zancen iyalinta ba za ta amsa shi a nan ba, akwai wata tambaya? Ni kaɗai na fito na taka zuwa gida.

Ta dawo kafin magariba. Ina kicin na ɗora abin da na san ba mai ci. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai?" ta ce. "Ba zuwan da kika yi ba ne. A lasifika na ji labarin Papa. Devant tout le monde, a gaban kowa. Ban taɓa sanin kin wanke kayan nan ba. Ban san kin tsare likita ba."

"Uwa ba ta zaunar da ɗiyarta ta yi mata kuka," na ce.

"Amma kin yi wa maƙwabciya."

"Ita ta tambaye ni."

Na faɗa da zafi, kuma gaskiya ce, amma da na ga fuskarta na so a ce na haɗiye. Ta gyaɗa kai, ta hau sama. Na kashe wutar tukunyar.

Ba a yi mako biyu ba kamfanin ya ɗauke ta daga hulɗa da mutanen ƙauyen ya mayar da ita ofishin Lyon. Ba kora ba ce, sun ce don kare ta ne. Amma gidan na mai aikin ƙauyen ne, wani za a ba. Ta samu ɗaki ɗaya a Lyon kusa da tashar jirgi, gado da kicin duk wuri guda. Ni kuwa sai komawa Saint-Denis. "Na ɗan lokaci ne, Maman," in ji ta, "in na samu babba sai ki dawo." Na ce Allah ya sa. Daga ni har ita ba wanda ya dubi wani.

Na shiga yi wa maƙwabtan sallama. Tsohon ne ya buɗe, ya ce matarsa ta ɗan kwanta. Ina jin an rage muryar rediyo a kicin. Ya ba ni hannu, ya ce in gaida Paris. Ban yi fushi da ita ba a lokacin, sai daga baya, kuma fushin bai daɗe ba, kewarta ce ta daɗe. Masana'antar har yau ana ta ja, ba a gina ba, ba a fasa ba.

Ɗiyata ce ta kai ni tasha. Ta ja mini akwati har bakin jirgin, muka tsaya muna kallon allo kamar ba mu san lokacin tashinsa ba. Can ta juyo ta yi mini magana da Hausa zalla, abin da ba ta cika yi ba.

"Mama, da hannu kike wankewa? Ba safar hannu?"

"Da hannu. Wa ya san wata safa."

"Har yaushe?"

"Har muka baro garin."

Na ga tana lissafi a ka, irin na aikinta. "Kina ɗauke da cikina kenan."

"Da cikinki," na ce.

Ta saki akwatin ta kamo hannuwana biyu. Ta juya su, ta dubi tafin, ta dubi bayan, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. Ban sani ba ko injiniya ce ke dubawa ko ɗiyata. Tun ranar da aka binne ubanta ba ta riƙe ni haka ba, sai na tsaya cak don kar ta saki. Aka busa usur. Ta ce za ta nema mini ganin likita a Paris, in ta turo ranar kar in ƙi zuwa. Na ce ba zan ƙi ba. Ta ɗora mini akwatin a ciki ta sauka.

Kujerata na jikin taga. Ba wanda ya zauna kusa da ni har Paris.